Haƙoran Cikin Kwano

Edita, sallama gare ka da masu karatu baki ɗaya. Ba zan faɗi sunana ba, amma shekaru huɗu da suka wuce in ka shigo ƙauyenmu, can ƙasar Dawakin Tofa ta wajen hanyar Makoda, ka ce gidan Malama mai wushirya kake nema, ba wanda zai tambaye ka wacce. Ni ce. Shekaruna talatin da bakwai a lokacin, 'ya'yana biyar, maigidana manomin gero da gyaɗa. Mahaifina malami ne, a gabansa na yi sauka, daga baya ya tura ni Islamiyya na koyi tajwidi, wato yadda ake fitar da kowane harafi daga mazauninsa. Da aure ya kawo ni ƙauyen nan na tarar mata da yawa karatun sallar ma da ƙyar suke haɗa shi, sai na buɗe makaranta a rumfar tsakar gidanmu. Bayan azahar, in an aika wa 'yan gona abinci, mata su zuro hijabi su zo, mu yi karatu har la'asar. Abu biyu nake taƙama da su a duniya, karatuna da haƙorana, kuma in faɗi gaskiya ban san wanda ya fi shiga raina ba. Ga ni da baki. In na ga abin dariya a jikin mutum sai na raɗa masa suna, sunan kuma ya bi shi.

Yadda nake koyarwa shi ne tushen labarin nan. Ba mu da allon bango, yawancin matan kuma ba su yi boko ba balle in rubuta musu bayani. Saboda haka sai in zaunar da mace gwiwa da gwiwa da ni, in ce ta bar kallon takarda ta kalli bakina. In buɗe, in nuna mata inda kan harshe yake taɓa bakin haƙoran sama, da inda haƙori ke sauka a kan leɓe, ta gwada, in duba nata bakin, in gyara. Da haka na ɗauko mata tara tun daga baƙi da wasali har suka wuce izu hamsin, muka sa ranar walimar saukarsu bayan kaka, in an gama sussuka hankali ya kwanta. Ba a taɓa yin saukar matan aure a ƙauyen ba. Babbar cikinsu Goggon maigidana ce, yayar mahaifinsa, tsohuwa da ta haura saba'in, mai ciwon gwiwa, kullum tana layin baya ta jingina da bango. Ta sha gaya mini ba ta roƙon Allah komai yanzu sai ya nuna mata saukarta kafin ya ɗauki ranta.

Wannan tsohuwa na yi wa laifin da har gobe nake jin kunyarsa. Haƙoranta sun zube tun da daɗewa, ɗanta da ke zaune a Bachirawa cikin Kano ya kai ta asibiti aka yi mata na roba, irin wanda ake cirewa. Wata rana da safe na shiga gaishe ta, na tarar da su cikin wani ƙaramin kwanon sha a gefen gadonta, kwance a ruwa suna ta yi wa rufin ɗaki murmushi. Na daure na fito, amma ban kai bakin rijiya ba na fara ba da labari. Na ce Goggo na kwana a gado haƙoranta na kwana a kwano, da safe su gaisa. Kafin sati maganar ta zaga gari, har amaren gidan in za su kai mata koko suna raɗa wa juna wai wa za a fara gaisarwa, ita ko kwanon. Ta ji, na san ta ji. Washegari ta zo karatu ta zauna a inda ta saba.

Rago ne ya rama mata. Ina kiwon rago kowace shekara in sayar gab da Babbar Sallah, na wannan shekarar kuwa ƙato ne mai taurin kai. Saura wata guda Sallah, na sunkuya ina zuba masa dusa, na ga igiyarsa ta nannaɗe da turke, na kai hannu zan warware, kawai ya ɗago kai. Ban ji zafi nan take ba, wani ƙas na ji, sai ɗanɗanon jini. Da na tofar, ga gutsattsarin haƙori a cikin dusa. Haƙorana biyu na gaba, na sama, waɗanda wushiryar ke tsakaninsu, sun karye tun daga gindi. Maigidana ya ɗauke ni a babur zuwa bakin titi, muka shiga mota zuwa wani asibiti a cikin Kano. Aka yi hoto, likitar, wata mace mai sanyin magana, ta ce ba abin da za a ceta, ta yi mini allura ta cire saiwoyin.

Kafin mu tafi ta zaunar da mu ta ce hanyoyi uku ne, ta ɗauko samfurin kowanne ta ajiye a tebur. Na farko haƙoran roba ne a jikin wani ɗan faranti mai kalar dasashi, a sa da safe, a cire a wanke, a kwana ba shi. Na biyu ta ce su gada suke ce masa. Za a kankare lafiyayyun haƙoran da ke gefe da gefe a rage su, a kifa musu hula, sababbin su rataya a tsakani. Ba a cire shi, amma an taɓa haƙoran da ba su yi laifin komai ba, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Na uku dashe ne, a kafa ƙarfe kamar ƙusa a cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira watanni ya kama, sannan a ɗaura haƙori a kai. Shi ya fi kama da na halitta, amma da ta faɗi kuɗinsa sai maigidana ya yi 'yar dariya ya ce ko an haɗa ragon da uwarsa da kakarsa ba za su kai ba. Ta ce kowanne muka zaɓa sai dasashi ya warke ya zauna tukuna, mu dawo bayan wata biyu zuwa uku. Shawararta in fara da na cirewa, tunda ba ya ɓata komai, in hali ya samu daga baya a yi wani. Maigidana ya ce shi ma nan hankalinsa ya kwanta. Ni kuwa tunda ta ɗaga farantin nan ba abin da nake gani sai kwanon Goggo. A mota na ce masa ko zan mutu da giɓi ba zan sa abin da ake jiƙawa kamar wake ba. Ya ce to Malama, ai ba gaggawa, a bari a ga kaka.

Shi ba shi da gaggawa, ni ina da ita. Ranar da na koma makaranta na buɗe baki zan ja musu karatu, sai iska ta riga sauti fita. Haruffan da ake taɓa haƙori da harshe babu abin da harshen zai taɓa, sai dai ya leƙo ta giɓin. Wata amarya ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa. Ban ga laifinta ba, da ni ce da na fi ta. Daga ranar na fara jan gefen hijabi ina rufe baki, ni da kullum nake cewa a kalli bakina. Karatu ya koma ji kawai, abin da ake ji ɗin ma ba daidai ba. Na shiga neman hujjar da za ta raba ni da na cirewa, har na aika wa yayana, wanda ya gaji makarantar mahaifinmu, da tambaya ko alwala na inganta da roba a baki, ina fatan ya ce a'a. Ya aiko cewa babu komai, in kurkure bakina kamar kowa. Na ji haushinsa kamar shi ya tunkuye ni.

Ana cikin haka wata ƙawata daga ƙauyen gaba ta zo duba ni, ta ce ai wahalar da kaina nake yi. Akwai wani mai sa haƙori da ke zuwa da akwati a bayan babur ranar kasuwarsu, har gida yake bi, a zama ɗaya yake gamawa, ba awo, ba jira, ba cirewa, kuma in ina so har wushiryata zai mayar mini. Wannan magana ta ƙarshe ita ta gama da ni. Ranar kasuwa na nemi izinin maigidana zan je barkar haihuwa a ƙauyen, ya ba ni, ya saɓi fartanya ya tafi gona, lokacin ana noman farko. Barkar gaskiya ce, na je na yi ta, amma ba ita ta fitar da ni ba, kuma wannan rabin gaskiyar da na faɗa masa na daɗe ina istigfari a kanta. A zauren gidan ƙawata mutumin ya buɗe akwatinsa. Haƙora ne zube cikin gwangwani kamar masara, ya dinga ɗauko ɗaya yana gwadawa a bakina yana mayarwa, da hannun da ya tuƙo babur. Na ga hannun, zuciyata ta ce in tashi, ban tashi ba. Ya zaɓi biyu, ya ɗaure su da siririyar waya, ya naɗa wayar a wuyan haƙoran da ke gefe, sannan ya kwaɓa wata hoda da wani ruwa mai hawa kai, ya shafe wajen gaba da baya. Abin ya ɗau zafi a kan dasashina da bai gama warkewa ba har hawaye ya zubo, ya ce alamar yana kamawa ke nan Hajiya, wannan ko rake za ki sha da shi. Ya miƙo mini madubi, ga haƙora, ga wushirya.

Na dawo gida baki har kunne. Maigidana ya dube ni ya daɗe, ya tambayi wa ya sa, na faɗa. Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne, cewa kawai ya yi likita dai ta ce a jira, ya ɗauki butarsa ya fita masallaci. Washegari a makaranta na yaye hijabi daga baki na ce kowa ta kalli nan. Mata suka yi ta barka, ana cewa Malama ta dawo. Har na dubi layin baya na ce nawa dai ba sa buƙatar kwano. Allah ya yafe mini, na faɗa, a gaban mutane. Goggo ta gyara zaman gwiwarta ta ce Allah ya sa a daɗe ana amfana.

Sati uku na yi ina jin daɗi, ko da yake sautin bai koma daidai ba, don abin ya yi tudu ta ciki harshe na tuntuɓe da shi. Sai abinci ya fara shiga ƙarƙashi. Tuwo, ƙuli, 'ya'yan kuɓewa, duk abin da ya shiga ya shiga ke nan, aswaki ba ya kai wa, tsinke ba ya kai wa, buroshi sai dai ya goge sama. Dasashi ya yi ja, in na taɓa sai jini. Na bi shi da ruwan gishiri, na bi shi da kanwa, na mayar da taunar kanumfari sana'a. Warin ni ban ji shi ba, hancina ya saba. Abin da na lura da shi shi ne fili ya fara buɗewa tsakanina da mata a kan tabarma. Waɗanda ke rige-rigen zama gwiwa da gwiwa da ni sai kowacce ta ce wance ta fara. In na ce ki matso ki kalli bakina, ta miƙo wuya, numfashi a riƙe, ta yi maza ta koma. Wata ta ce mura take yi, ta rufe hanci da hijabi, sati uku murar ba ta warke ba. Na ɗauka lalaci ne ya kama su, na yi ta zazzaga musu faɗa, ina cewa sauka ta matso suna wasa. Mutum biyu suka daina zuwa. Autata ma in na ɗauke ta sai ta kau da kai, na ce ƙiwa ce.

Wata rana an tashi, kowa ta watse, Goggo ba ta motsa ba. Na ɗauka gwiwa ce, na je zan kama ta, ta ce in zauna. Ta ce 'yar nan, ba wadda za ta gaya miki a cikinsu, don ke malamarsu ce kuma suna tsoron bakinki, amma ita tsufa ya raba ta da tsoro. Ta ce bakina wari yake, warin abin da ya ruɓe, kuma ba daga ciki yake tasowa ba, daga abin nan ne da aka liƙa mini. Ta ce ba ramuwa take yi ba, izu huɗu suka rage mata, in makaranta ta watse a kan wari ba ta san ko za ta ga wata ba. Haƙoranta da nake wa dariya, in ji ta, kullum tana cire su ta wanke su ciki da bai, ta wanke bakinta, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ja da baya in tana magana. Kunya ta rufe ni, nan take ta juye fushi. Na ce mata in baƙin ciki take yi ta fito fili, ba kowa Allah ya rubuta wa kwano ba. Ta dafa bango ta miƙe da kanta, ba ta bari na taɓa ta ba. Na shiga ɗaki na hura numfashi a tafin hannuna na shinshina. Nan na ji warin da hancina.

Duk da haka ban miƙa wuya ba, don in na miƙa tsohuwa ta yi gaskiya ke nan. Na aika wa ƙawata ta nemo mini mutumin ya gyara, aka ce ya daina zuwa kasuwar tun tsakiyar damina. Na ƙara kanumfari, na koma koyarwa daga nesa. Ana tsakiyar cirar gyaɗa na wayi gari leɓena na sama ya kumbura har ya tokari hanci, ido ɗaya ya ƙanƙance, ga zazzaɓi har cikin ƙashi. Kwana biyu ina ɓuya a ɗaki ina cewa ciwon kai ne. A na uku maigidana ya ɗaga labule ya gan ni da hasken rana. Ya bar gyaɗarsa kwance a gona, ga hadari na haɗowa, bai tambayi ra'ayina ba, ya ce in ɗauko hijabi.

Likitar nan dai muka samu. Ta buɗe bakina ta duba, ba ta ce ai na gaya miki ba, da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Sai da na sha magani kumburin ya sauka, sannan ta sa inji ta yanka abin nan gutsure-gutsure. Da ya fita ni kaina sai da na kau da kai, na tuna mata tara da suka yi ta shaƙar wannan saboda girmamawa. Ta ce dama ragon ya girgiza haƙoran gefen nan biyu, da an bar su sun huta da sun tsaya, amma waya ta nutse cikin nama ta shaƙe su, mugunya ta cinye ƙashin da ke riƙe su, yanzu lilo suke, su ma sai an cire. Giɓin biyu ya zama na huɗu. Na tambaye ta gadar nan fa, ta ce ginshiƙan da za a ɗora ta a kai su aka cire yau, kuma a halin da dasashina yake ba za ta ba ni shawarar a rataya huɗu a kan fiƙa ba. Dashen kuwa, ko kuɗin ya faɗo daga sama, ƙashin ya zaizaye, sai an yi wani aikin kafin a yi maganarsa. Hanyoyi uku aka shimfiɗa mini ranar farko, da hannuna na toshe biyu, saura wadda na ce ko zan mutu ba zan bi ba. Na ce mata na yarda, ta faɗa mini ranar awo.

Sai da na jira wata uku, wannan karon ba gardama. Kaka ta wuce, ranar da muka sa ta sauka ta zo ta wuce, makaranta a rufe. A cikin watannin nan Goggo ta kwanta, ciwo ya kama mata ƙirji, har aka kira ɗanta daga Bachirawa. Ranar da na ji an kira shi na ce a raina in tsohuwar nan ta tafi da izu huɗu a wuyana me zan ce wa Allah, in ce wushirya na tafi nema? Na ɗauki Alƙur'ani na nufi ɗakinta, bakina wayam, ban rufe shi ba. Na durƙusa na roƙi gafararta a kan maganar kwano da kan wadda na yaɓa mata a rumfa. Ta ce ta yafe tun ranar, amma in daina kuka haka, ba haƙora kukan ba ya yi mini kyau. Daga nan kullum da hantsi ina gefen gadonta, in ja mata aya da bakin da nake da shi, inda harafi ya gagare ni in gaya mata ya gagare ni, mu wuce. Cikin ikon Allah ta samu sauƙi.

Ranar awo likita ta ce ta ji da ina da wushirya, in ina so za a bar mini 'yar ƙofa a tsakani. Na ce a jera su kawai, abin da wushirya ta ja mini ya isa. Da aka ba ni haƙoran, satin farko na sha wuya, yawu ya yi ta taruwa, gefe guda yana gurzata har sai da na koma aka rage shi, magana kuwa kamar na cika baki da goro. Goggo ce ta zama malamata. Ta ce in fara da kunu da fate, in dinga karatu da ƙarfi ni kaɗai har harshe ya san sabon maƙwabcinsa, kada in kuskura in wanke su da ruwan zafi, kuma in zan ba rago dusa in tsaya daga nesa. Sannan ta aiko mini da kwano sabo mai murfi, wai nawa ya fi nata gata. Kullum in na idar da sallar asuba sai in zauna in yi ta maimaita haruffan nan, na rantse a raina ba zan buɗe makaranta ba sai sun fito tas. Sai da na yi sati uku.

Ranar da na buɗe duk taran suka zo, har da waɗanda ba ɗalibai ba, na san kallo ya kawo su. Tun daga ɗaki na ɗaura niyyar ba zan sake ɓoye komai a bakin nan ba. Muka zo kan harafin zalun, wanda wata daga cikinsu shekara uku ina fama da ita tana mayar da shi za irin ta Hausa. Na buɗe baki ina nuna mata, ta ce Malama ita fa ba ta ganin ciki. Sai kawai na sa yatsu biyu na zaro haƙoran, na ɗauraye su da ruwan buta, na juyo cikinsu a tafin hannuna, na ɗora ɗan yatsa daidai bakin haƙorin na ce nan, nan harshenki zai taɓa, ba can baya ba. Sai daga layin baya Goggo ta zaro nata ta ɗaga sama, ta ce na baya su kalli wannan, ya fi girma. Dariyar da aka yi ranar har maƙwabta sai da suka leƙo ta katanga, ni ma da giɓina a waje ina yi. Matar nan ta dubi tafin hannuna, ta gwada, harafin ya fito daidai. Shekara da shekaru ina cewa a kalli bakina, ban taɓa iya nuna musu cikinsa ba sai ranar.

A watan Sha'aban aka yi saukar, mata tara cif, babu wadda ta rage. Goggo muka sa ta fara karantawa, muryarta na rawa amma ko harafi ɗaya ban gyara mata ba. Daminar da ta biyo baya Allah ya yi mata rasuwa. Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka, ni kuma na wanke kwanonta na kife shi. Har yanzu in na tuna cewa wata uku na cinye mata a banza, kuma da ciwon nan na farko ya tafi da ita da ba ta ga ranar ba, sai jikina ya yi sanyi.

Saboda haka 'yan'uwa, duk wanda ya rasa haƙori, mace ko namiji, ina roƙonku ku je inda za a yi hoto a duba ƙashi kafin a sa muku komai. Ku tambayi kowace hanya, ba kuɗinta kawai ba, ku tambayi me za ta yi wa haƙoran da suka rage, kuma yaya za a wanke ƙarƙashinta. Duk abin da za a liƙa a bakinka wanda ba ka da yadda za ka tsabtace shi, ka tashi ka bar wajen, ko da an riga an kwaɓa hodar. In an ce a jira dasashi ya warke a jira, ni da na ƙi jiran wata uku sai da na yi shi daga baya, da ƙarin haƙora biyu a kai. Gada da dashe ba laifi ba ne ga wanda likita ta ce sun dace da shi kuma yana da hali, amma na cirewa ma ba abin kunya ba ne. Ni ba tsada ta kai ni zauren nan ba, ba kuma rashin sani ba, likita ta faɗa mini komai. Tsoron dariyar da ni na ƙirƙira da bakina ne ya kai ni, don haka kafin ki raɗa wa lalurar wani suna, ki tuna ba ki san wadda ke jiranki a gindin turke ba. Yanzu ina da aji na biyu, mata goma sha huɗu, kuma duk sabuwar da ta zo a ranar farko nake zaro mata su ta gani, a wuce wajen. Kwanona yana gefen gado, ba na tura shi ƙarƙashi in an yi sallama. Wadda ta shigo gaishe ni da safe ta ga abin dariya, ta yi abinta, ni ma na yi. Abin da nake roƙonta kawai, bayan azahar ta zo karatu.